Shida da Bakwai a Fuskar Arzika

Da Arzika ya ɗaura ƙawanyar a wuyansa sai ta yi 'yar ƙara sau biyu, wani siririn haske ya taso daga haɓarsa ya haura har goshi. Kafin ya gama sa hula, fuskar da ke cikin madubi ta zama irin ta kowa: sumul, ba tabo, ba gajiya, da ɗan murmushin da bai kai dariya ba.

Sunan na'urar Sajau. Kamfanin da ya ƙera ta ya tara hotunan mutanen birnin Sabuwar Rima miliyan huɗu, inji ya dama su wuri guda ya fitar da fuska biyu, ta maza da ta mata. Hasken ƙawanyar ne ke shimfiɗa wannan fuska a kan taka. Masu ƙirar sun ce daga ranar ba wanda za a sake rainawa saboda kamanninsa, kuma da gaske suke. Ba dokar da ta tilasta sa ta. Sai dai in ka shiga jirgi da fuskarka ta haihuwa, wadda ake ce wa ɗanyar fuska, za ka ga kujerar kusa da kai ta zauna ba kowa har ka sauka.

Arzika kuwa tasa ɗanyar fuskar ba ta ɓoyuwa. Bagobiri ne, yana cikin na ƙarshe da wanzami ya yi wa zane a ƙauyensu: shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Shekarar da ya zo birni neman aiki, sau uku ana ce masa an riga an ɗauki wani. Da ya sayi Sajau, a satin ya samu aiki a matatar ruwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, abokan aikinsa ba su san yana da ko ɗigo a fuska ba.

Ranar Talata mahaifiyarsa, Inna Tumba, ta taso a jirgin ƙasa mai gudu don ganin likita, saboda mantuwa ta fara cin ta. Wani bututu ya fashe a matatar, Arzika ya makara da awa guda. Da ya isa tasha ya tambayi injin neman mutane, injin ya ce ba wata fasinja mai wannan suna, domin shi da lambar ƙawanya yake gane mutum, tsohuwar kuma ba ta da ita.

A rumfar wata mai sayar da alale ya same ta, zaune a kan ƙullin kayanta, wani jami'in tasha na tsaye a kanta. Mai alalen, Iya Sikira, ta ce tun ɗazu tsohuwar ke bin maza tana leƙa fuskarsu, duk wanda ta duba sai ta ga shi ne na baya, har jiri ya ɗebe ta. Jami'in ya ce ya tambaye ta sunan ɗan nata ya fi sau goma, ta ƙi faɗa.

Arzika ya san dalili. Shi ne ɗanta na fari, tun da aka haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta manta shekara, ta manta sunan jirgin da ya kawo ta, amma wannan kunyar tana nan daram.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi, ta ja ƙullinta baya.

"Wanga ba shi ba ne," ta ce wa Iya Sikira. "Muryar dai ya sato. Nawa da shida da bakwai."

Jami'in ya yi bayani cikin ladabi. Ƙa'ida ita ce ba a miƙa mai mantuwa sai ga wanda ta shaida da kanta. In ba haka ba, motar gidan kula da ɓatattu na zuwa ƙarfe huɗu, fitar da mutum daga can kuma yakan ci wata guda. Saura minti ashirin.

Arzika ya waiga. Jirgin ma'aikata ya tsaya yanzun nan, dandalin ya cika, ga masu shuɗiyar rigar matatar ruwa nan birjik a ciki, har da shugaban sashensa, wanda Arzika ya gane ta jar igiyar katin wuyansa. Ya roƙi jami'in ko akwai wani ɗaki a gefe. Aka ce akwai, amma Inna Tumba ta riƙe ƙafar teburin alale ta ce ba ta bin kowa ko'ina.

Ya daɗe hannunsa na kan maɓallin ƙawanyar. Sannan ya danna.

Hasken ya sauka kamar ruwa na tsiyayewa. Iskar tasha ta taɓa masa kunci, ya ga mutanen da ke kusa na matsawa. Tsohuwar ta sunkuyo. Idonta ya yi rauni, sai ta ɗaga hannu ta ɗora yatsa a kuncinsa tana bin ramin zanen ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na ƙirgawa. Rabon da ta taɓa fuskarsa a gaban mutane tun kafin a yaye shi. Da ta kai na bakwai ta janye hannun da sauri, ta kau da kai.

"Kai wanga," ta ce, "haka ake barin mutum cikin aljanu?"

Iya Sikira ta leƙo fuskarsa. Ta ajiye cokali ta riƙe ƙugu.

"Ashe Bagobiri ne! Bawana ne ke wuce ni kullum ba gaisuwa? To ɗauki tukunyar nan ka wanke."

Wasan nan na tsakanin Gobirawa da Yarbawa, Arzika ya ɗauka ya mutu tare da kakanninsa. Bakinsa ya amsa kafin ya yi tunani, ya ce baiwa ba ta aiken ubangidanta, ta zuba wa Inna alale mai ƙwai, kuma kada ta cika barkonon nan nasu na mugunta. Iya Sikira ta yi dariya har da dafa tebur, ta kai hannu wuya ta kashe tata ƙawanyar. Tsohuwa ce baƙa mai wushirya, da zane uku-uku a kumatu. Jami'in ya rufe allonsa, ya ce shaida ta isa.

Washegari Arzika ya je aiki da ɗanyar fuska, don ya ga ba sauran abin ɓoyewa. Kwana uku ba mai zama kusa da shi wajen cin abinci. A na huɗu shugaban sashen ya ajiye kwanonsa a gefensa, ya ce a hankali shi ma yana da ƙuna a goshi tun yana yaro, amma bai shirya ba tukuna. Arzika ya ce ba gaggawa.

Wani ya ɗauki hoton abin da ya faru a tasha, ya zaga gari. Bayan wata biyu kamfanin ya fitar da sabon samfuri, Sajau Mai Zane. Kafin damina ta ƙare rabin birnin na yawo da shida da bakwai na haske, har waɗanda ba su san inda Gobir take ba.

Ranar komawa asibiti, layin ya cika da irin waɗannan fuskoki. Sai Arzika ya ga Inna Tumba ta saki hannunsa ta nufi wani mutum. Ta ɗaga yatsa ta shafa kuncin mutumin. Yatsan ya ratsa hasken ya zame a kan fata sumul. Ta goge shi a zaninta, ta juyo ta lalubo fuskar Arzika, ta ƙirga har ƙarshe ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Kai wanga," ta ce, "riƙe min jakata."