Ƙasar Bakin Ƙofa

Tun da masaƙa ta rufe, layinmu ya fara mutuwa. Mai niƙa ya koma gyangyaɗi, mai aski ya yini yana wasa almakashi, ni kuma kekena na ɗinki ba ya ganin komai sai faci. Duk muka daure, ban da maƙwabcina Dogo mai kanti, da ya ce shi ba a haife shi don korar ƙuda ba.

Ya nemi boka a wani kango bayan masaƙar. Da bakinsa ya ba ni labari daga baya: ɗaki ba taga, jan ƙyalle a bango, ƙahoni a rataye, ga wani baƙin tulu yana numfashi kamar mutum.

Boka ya ce, "Riƙe kuɗinka. Share ƙofar kowane shago a layinku, ka zuba ƙasar a tulun nan. Duk sawun da ke cikinta zai dawo wurinka."

"Su masu shagunan fa?"

"Don su ka zo, ko don kanka?"

"To me zan biya?"

"Tulu ya san rabonsa."

Washegari sai ga Dogo da tsintsiya, wai taimakon maƙwabta. Kowa na sa masa albarka. Da ya iso ƙofata na tare shi.

"Kai da ko gaban kantinka ba ka sharewa? Ja baya!"

"Haba Yaya, alheri ne fa."

"Riƙe abinka. Dattina ne, ina so."

Cikin wata uku kantinsa ya cika maƙil, har ya sayi mota. Mai niƙa ya rufe, mai aski ya bar gari. Abin da Dogo ya manta, 'yarsa kullum tana kai niƙa, tsohonsa kuma a bencin mai aski yake hira. Sawunsu na cikin tulun. Yarinyar ce ta fara rasuwa, zazzaɓin yini ɗaya. Kafin sati ya zagayo tsohon ya bi ta.

Dogo ya fasa tulun, bai tarar da ko ƙwayar ƙasa ba. Yau kantin a garƙame yake, shi kuma yana bin titi da tsintsiya, yana shara yana kiran 'yarsa.

Wallahi tausayi yake ba ni, har abinci nake ajiye masa. Amma ku masu cewa zamani ya matse, a samu ko ta halin ƙaƙa, ku zo ku gan shi, kwaɗayi ne ya mai da shi haka. Ni yau faci biyu kacal na yi, gobe ma zan buɗe. Kuma har yanzu, in ya matso ƙofata da tsintsiyar nan, tare shi nake yi.