Tsofaffin Ja'afar

A daminar da ruwa ya cinye hanyar Kirikasamma ne Ja'afar ya fara ganin Radiyya. Motarsu ta tsaya daidai inda kwalta ta nutse, fasinjoji suka sauko suna jiran kwalekwalen da zai tsallakar da su ɓangaren Haɗeja. Kowa na kallon ruwa, shi kuwa ya ɗaga waya sama yana neman sabis.

Ja'afar makanikin injin ban-ruwa ne. In ya tashi daga aiki, ba abin da ke ɗauke masa hankali kamar wani wasan intanet da mutum ke riƙe ƙungiyar ƙwallon kwando: ya tsara horon mako, ya zaɓi masu shiga fili, ya kara da ƙungiyoyin wasu. Ranar nan ake rufe horon mako, kuma lokaci ya ƙure.

"Malam, ka yi haƙuri da shisshigi," aka ce daga bayansa. "Wannan da ka sa wa horon gudu, shekararsa nawa?"

Ya waiwaya. Budurwa ce cikin hijabi ruwan toka, da jaka a kafaɗa, idonta a kan wayarsa.

"Talatin da huɗu."

"To ƙarasa shi za ka yi."

Ya yi dariya. Ta ce sunanta Radiyya, a sashen gashin ƙashi take aiki a wani asibiti a Haɗeja, kuma yayanta ya taɓa bar mata ƙungiyarsa sa'ad da ya tafi bautar ƙasa. Ta karɓi wayar ta duba jerin 'yan wasan, sai ta riƙe haɓa.

"Duk tsofaffi ne! Ai mutane sayarwa suke da zarar ɗan wasa ya cika talatin."

"Da su na fara, kakar wasa shida ke nan," in ji shi. "Na yi wa kaina alkawari da su zan hau rukuni na biyu. Ba zan sayar da ko ɗaya ba."

Ta dube shi, wannan karon shi ɗin ta duba, ba wayar ba. Kafin kwalekwale ya kai su wancan gaci ta canja masa horon, shi kuma ya samu lambarta.

Daga nan saƙonni suka ɓarke.

"Likitata, Dogo ya buga minti arba'in jiya. Ƙarfinsa ya sauka."

"Koci, ba na hana ka ba? Tsoho ba ya ƙara sabon abu da sauri, abin da yake da shi ake tattalawa. Ka rage masa mintuna, ka ba shi horon juriya da jifa daga layi. Kai ma ka ci abinci."

"Na ci. Amma tunda na ji muryarki da safe ban ji yunwa ba."

"Allah ya shirye ka, Koci."

Dogo shi ne mafi tsufa a ƙungiyar, shi ke tsaron ƙarƙashin kwando. Radiyya ta tsara masa hutu kamar yadda take tsara wa marasa lafiyarta: wasa ɗaya a fili, ɗaya a benci. Sannu a hankali ƙungiyar ta daina rushewa a zangon ƙarshe, ta fara hawa tebur. Kafin a girbe shinkafa, Ja'afar ya je zance gidansu sau biyar, ya kuma gaya wa kawunsa Buba cewa ya ga matar aure.

Mahaifin Radiyya, Alhaji Kolo, dillalin busasshen kifi ne, ɗan shekara sittin da takwas, mutum mai magana ɗaya. Akwai Haris, ɗan amininsa, wanda ya daɗe yana son Radiyya ba ta ba shi fuska ba. Haris ɗin ne ya sami Alhaji a rumfa ya rage murya.

"Baba, ba gulma ba, yaron nan ɗan caca ne. Kullum yana kan waya, yana cin wasa ana cinye shi."

Ranar Alhaji ya kira 'yarsa. "Ba zan haɗa zuri'a da ɗan caca ba. Kada in sake ganinsa a ƙofar gidana."

"Baba, wallahi ba caca ba ce."

"Na gama magana."

Ta shige ɗaki da hawaye, ta rubuta: "Koci, Baba ya ce caca kake yi. Ba zan saɓa masa ba, amma ba zan so wani ba."

Amsa ta zo nan take: "Share hawayenki, Likitata. Ba ta ƙofar baya na shigo ba, ba kuma ta nan zan fita ba. Gobe zan zo da Kawu."

Washegari bayan la'asar suka durƙusa a zauren Alhaji. Kawu Buba ya yi bayani, Ja'afar ya rantse, amma tsohon bai motsa ba.

"Rantsuwa ba ta yi wa ɗan caca wuya," in ji shi. "Abu ɗaya na sani, ɗan caca ba ya iya haƙura da cacarsa. Ka bar min wayar nan wata guda. Kada ka taɓa wasan ta hannun kowa."

Ja'afar ya yi lissafi a ransa. Wasanni biyar suka rage a kakar, ƙungiyarsa na mataki na biyu. In ba mai lura da mintunan tsofaffin, aikin kaka shida zai bi ruwa. Ya dubi wayar, ya cire mata makulli, ya ajiye a gaban Alhaji da hannu biyu.

"Ga ta, Baba. Ku duba duk abin da ke ciki."

Ja'afar ya sayi ƙaramar waya mai maɓalli don kiran manoma. Haris ya tare shi a bakin kasuwa, ya miƙo tasa yana murmushi. "Ɗan leƙa mana, wa zai sani?" Ja'afar ya ce ya gode, ya ja babur ɗinsa ya wuce.

A gidan Alhaji kuwa wayar ta hana zaman lafiya, sai ƙara take. Kwana na uku ya kira Radiyya tsakar gida.

"Karanta min. Nawa aka cinye shi?"

"Baba, ba kuɗi ba ne. Cewa aka yi Dogo ya gaji, don ba a canja shi ba a wasan jiya."

"Wane ne Dogo?"

Ta zauna a gefen tabarma ta nuna masa komai, shafi bayan shafi. Ya sa ta buɗe ko'ina, bai ga inda ake zuba kuɗi don a ci riba ba. Da ta zo kan shekarun 'yan wasan, ya gyara tabarau.

"Talatin da biyar shi ne tsoho? To ni fa?" Shekara biyu ke nan 'ya'yansa maza na lallashinsa ya bar kasuwa ya zauna a gida. "Kuma yaron ya ƙi sayar da su?"

"Ya ƙi, Baba. Ana ta yi masa dariya."

"To me ake jira? A hutar da Dogon mana!"

"Ka hana a taɓa wasan."

"Shi na hana. Ban hana kaina ba."

Haka Alhaji Kolo ya zama koci ba tare da Ja'afar ya sani ba. Duk ranar wasa, in ya dawo daga kasuwa, Radiyya ta karanta, shi ya yanke hukunci. Ya ce tsoho da sabon jini ake haɗa shi, kamar yadda ake haɗa tsohon bijimi da ɗan maraƙi a garma, don haka ya sa matashi ɗaya a gefen Dogo. Suka ci wasa biyu, aka cinye su ɗaya. A na ƙarshe ya adana Dogo har zango na huɗu, sannan ya buga sanda a ƙasa.

"Yanzu ki sake shi!"

Ana saura daƙiƙa shida aka ture Dogo, aka ba shi jifa biyu daga layi. Ya jefa duka biyun a kwando, suka ci wasan. Alhaji ya yi kabbara har kaji suka watse.

Da wata ya cika, Ja'afar ya zo da Kawu Buba, ya rame kaɗan. Alhaji ya tura masa wayar.

"Na sa an bi sawunka, ka cika alkawari. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, ka yafe ni. Shi wanda ya kawo min maganar, na gaya wa ubansa."

"Ba komai, Baba."

"Buɗe mana ka gani."

Ja'afar ya buɗe. Sunan ƙungiyarsa na saman tebur, da alamar hawa rukuni na biyu. Ya ɗago ya dubi Alhaji.

"Ni na kula maka da tsofaffin naka. Ka iya riƙon amana, amma kana wahalar da Dogo," in ji Alhaji. Ya juya wajen Kawu Buba. "Ku turo magabata. Na ba shi."

Da yamma saƙo ya shigo: "Koci, barka da hawa."

"Likitata, wannan hawan ƙarami ne. Babban shi ne ranar da za a kawo min ke."

An ɗaura auren ranar wata Asabar bayan ƙaramar salla, a masallacin unguwarsu. 'Yan kasuwar kifi da manoman fadama suka cika layi, aka yi ta Allah ya sanya alheri. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya dafa kanta ya daɗe yana addu'a.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Ku riƙe juna har tsufa."

Radiyya na kuka cikin mayafi, aka sa ta a mota. Ja'afar ya durƙusa yin sallama, sai surukin nasa ya riƙo hannun rigarsa, ya zaro sabuwar waya daga aljihu.

"In kun huta, ka zo ka buɗe min tawa ƙungiyar," ya ce a hankali. "Kuma ka shirya, ba zan raga maka don kana surukina ba."