Makarar Saje Abdussabur

"Kowa ya kwanta! Kai, tsoho, hannu sama!"

Ana idar da sallar azahar suka faɗa shagon gwal na Milad. Zaglul, ogan tafiyar, ya doka gindin bindiga a gilashi, tar! Hamdun yana tsaye bakin ƙofa, ya naɗe fuska da rawani, ƙaramar bindiga a hannu. Shekararsa hamsin, gwiwoyinsa ciwo suke, kuma wannan garin da ke gefen Kogin Nilu shi ne mahaifarsa. Rabonsa da shi shekara ashirin.

"'Ya'yana, ku ɗiba ku tafi," in ji Milad. "Jana'iza zan je."

Ya miƙa hannu zai ɗauko sandarsa. Zaglul bai tsaya tambaya ba — tau! Milad ya zube yana riƙe da kafaɗa.

"Me ya yi maka?" Hamdun ya daka tsawa.

"Rufe mana baki, liman! Mu ware!"

Suka auka cikin a-kori-kura. Atwa direba ya take ta. Zaglul sai dariya yake. Shi ya zaɓi ranar. Tsohon ɗan sandan garin ya rasu, duk 'yan sanda suna wajen jana'iza, ofis ba kowa sai mai shayi. Abin da bai lissafa ba, hanyar fita gari ita ce hanyar maƙabarta.

Suna shan kwanar masallaci Atwa ya taka birki — ƙiii! Mutane ne maƙil, bango zuwa bango, makara tana tafe bisa kawuna.

"Koma baya!"

"Ta ina, oga? Amalanken rake ya toshe!"

"To ku kwance rawani. Ku yi fuskar mutanen kirki."

Makara ta zo daidai motar ta tsaya. A wannan yanki an yarda makarar mutumin kirki tana da nata ra'ayi: wani lokaci ta yi sauƙi har masu ɗauka su riƙa gudu, wani lokaci ta kafe. Ko hanyar ce ta yi ƙunci, ko maza shidan da ke ɗauke da ita sun gaji, Allah masani. Ta dai kafe. Jama'a suka ɗau kabbara.

Wani dattijo mai ido ɗaya, Alhaji Bayumi mai gasa burodi, ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Bayin Allah, gawa na wucewa kuna zaune? Wani ya sauko ya sa kafaɗa mana."

Zaglul ya zunguri Hamdun da bakin bindiga. "Sauka. Taku goma ka dawo."

Hamdun ya cusa tasa bindigar cikin jallabiya, ya sauka, ya shiga ƙarƙashin itacen. Makara ta motsa.

"Wa ya rasu, Baba?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ka ɗauki mutum ba ka san shi ba? Saje Abdussabur!"

Hamdun ya san sunan sarai. Zaglul cewa kawai ya yi wani tsohon ɗan sanda, shi kuma bai tambaya ba.

Saje ne ya kama shi karon farko, kan satar saniya. Bai sa masa ankwa ba. Ya riƙe masa hannu suka ratsa kasuwa kamar masu zuwa ɗaurin aure, don kada mahaifiyarsa ta gani ta faɗi.

A bayansa mutane suna tafe suna hira.

"Shekara talatin da huɗu yana aiki, bai taɓa harbin kowa ba."

"Da me zai harba? Dabino yake zubawa a gidan bindigar!"

"Amma a yaƙin shekarar saba'in da uku shi ya ɗauko mutum biyu a baya ya ƙetaro da su ruwa. Da ƙarfe a ƙugu ya dawo. Har ya mutu, in sanyi zai sauko, ƙugun ke fara gaya masa."

Taku goma ya wuce. Wani saurayi ya zo zai karɓe shi, Alhaji Bayumi ya tare shi da hannu yana ƙare wa Hamdun kallo.

"Tsaya. Kai ba ɗan Nafisa ba ne? Hamdun!" Ya juya ga jama'a. "Ku bar masa! Ɗan Nafisa ne, ya ji labari ya zo!"

"Baba, ni wucewa kawai..."

"Yi shiru, ɗana, mun sani. Ranar da uwarka ta rasu kana gidan yari, mu uku kaɗai muka fito. Saje ya zo da kakinsa ya zama na huɗu. Da ɗingishinsa ya kai ta har rami, bai yarda an karɓe shi ba. Ashe ka san halacci." Ya ɗora tafinsa a kan Hamdun. "Allah ya yi maka albarka."

Hamdun bai taɓa jin wannan ba. Hannuwa suka yi ta dafa bayansa. Wani har sumbatar kafaɗarsa ya yi. Bindigar kuwa tana dukan haƙarƙarinsa da kowane taku.

A baya hanya ta buɗe. Ya ji ƙarar injin, ya waiwaya. Atwa yana kallonsa. Zaglul ya ɗaga masa yatsu biyu, motar ta fece. Daidai nan wata mata ta fito da gudu tana ihu.

"An harbi Milad! 'Yan fashi!"

Sufeto Ra'afat, wanda ke gaban sahu, ya juya. "Mutum huɗu, ku bi motar can! Maza! Saura ku tsaya, sai mun kai Saje."

Ba wanda ya dubi Hamdun. Ga gonar rake a dama, tsayinta ya fi mutum. Taku biyar, ya ɓace. Ya dube ta har suka wuce ta, bai saki itacen ba.

A bakin kabari babban ɗan marigayin ya kama hannunsa, idanu jawur.

"Ɗan'uwa, kai ka ɗauko shi tun daga masallaci. Zo mu sa shi tare."

Hamdun ya janye hannun.

"Ba zan taɓa shi ba."

"Saboda me?"

Ya zura hannu cikin jallabiya. Mutane suka ja da baya. Ya fito da bindigar ta wajen baki, ya miƙa wa Sufeto.

"Mu uku ne a shagon Milad. Ranka ya daɗe, ni dai sa mini ankwa."

Kafin la'asar motar ta kife a magudanar ban-ruwa, aka ciro Atwa ba rai. Zaglul ya kwana uku cikin rake kafin yunwa ta fito da shi, kuma a gaban alƙali ya rantse Hamdun ne ya yi harbin. Hamdun bai musa ba. Aka ba shi shekara goma sha biyar. Milad ya rayu, amma hannun damansa bai sake riƙe ma'auni ba.

Duk wannan Hamdun ya iya ɗauka. Abin da ya kasa mantawa ya faru ne tun a maƙabarta, ana cikin zuba ƙasa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya tofa masa yawu. Alhaji Bayumi ne kawai ya ɗaga tafin hannun da ya sa masa albarka da shi, ya dube shi da idonsa ɗaya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya goge shi a hankali a jikin rigarsa.