Shanyar Gwaggo a Allon Miƙau

Barira ta ɗora yatsa a gefen kwamfutar, allon ya fara fitowa a hankali, yana ƙara kamar ana warware leda mai maiƙo. Ya wuce tebur, ya wuce kujera, sai da ya taɓo bango ya tsaya. Kamu huɗu ke nan. Taswirar birnin Sabuwar Rimaye gaba ɗaya ta bayyana a kansa.

Sunan na'urar Miƙau. A rufe ba ta fi faranti girma ba. Allonta ba gilashi ba ne, wata siririyar fata ce da ake renonta a ɗakin gwaji, a naɗe ta a kan sanda a cikin kwamfutar. Don kada ta bushe ta tsage, kullum tana da ɗumi, tana tsattsafo da wani mai marar launi. In aka yi minti ashirin ba a taɓa madannai ba, sai ta naɗe kanta ta koma ciki.

Barira mai gwajin kaya ce a kamfanin da ya ƙera ta. An ba ta mako biyu ta zauna da Miƙau a gida, sannan ta rubuta ko ya dace a raba wa malaman makarantun birnin. Kowa ya san amsar da ake so. Mutum biyu da suka taɓa rubuta "bai dace ba" a kan wasu kayan, tuni aka karɓe katinsu na aiki.

Tun ranar farko abin ya fita ranta. A jirgin ƙasa ta buɗe shi, ya miƙe ya ture wa wani dattijo hula. Duk sanda ta taɓa shi sai ta wanke hannu sau biyu kafin ta iya cin abinci.

A hawa na hamsin da biyu take zaune da ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Hansai. Babu tsakar gida, taga ba ta buɗuwa, rana kuma ba ta shigowa saboda benayen da suka kewaye su. Shekara uku Gwaggo ba ta yi shanya ba, kullum tana mita.

Wata safiya Barira ta bar allon a buɗe ta sauka ɗebo ruwa. Da ta dawo ta tarar da Gwaggo a tsaye, hannu a ƙugu.

"'Yar nan, abin naki ya cinye mini shanya."

"Wace shanya, Gwaggo?"

"Na ga ga faɗi, ga ɗumi, ga haske, na ce yau Allah ya kawo rana har ɗaki. Na baza ɗanyar daddawa da ɗan naman sunan gidan maƙwabciyarmu Kande. Ina juyawa ya haɗiye."

"Kwamfuta ce fa."

"To ita kwamfutar ba ta san kayan mutane ba ne?"

Barira ta warware allon, ta kankare, ta goge da tsumma har hannunta ya gaji. Amma taƙi ɗaya na ƙarshe ba ya fitowa daga jikin sandar, kuma an hana kowa kwance murfin kwamfutar.

Bayan kwana biyar aka yi taro a ofis. Injiniya Ɗahiru, shugaban sashensu, ya zauna da manyan baƙi daga hukumar ilimi.

"Malama Barira, nuna musu."

Ta taɓa. Wari ne ya riga allon fitowa. Wata Hajiya ta toshe hanci da mayafi. Taswirar ta miƙe, sai ga tsutsotsi farare, ƙosassu, suna fitowa daga bakin sandar suna bin titunan birnin. Ɗumin da man sun yi musu daɗi. Wata tsutsa ta faɗo cikin kofin shayin Injiniya. Barira ta dafe baki.

Baƙin suka fice ba sallama.

"Wannan laifin gidanku ne," in ji Injiniya. "Wane mai hankali ne yake shanya a kan kwamfuta?"

"Ranka ya daɗe, duk wanda aka ajiye a ɗakin da ba rana. Rabin malaman nan a irin benenmu suke."

Ya turo mata takardar rahoton gwaji. "Ki rubuta ya dace, ki ƙara da cewa a kiyaye tsafta."

Barira ba mai yawan magana ba ce, ko ido ba ta iya haɗawa da shi. Amma ta rubuta "bai dace ba", ta cire katinta daga wuya ta ajiye tun kafin ya nema.

Tana haɗa jakarta ta ji ya kira masu zane su uku. Suka shigo suka tsaya nesa da teburin, kowa na numfashi ta baki.

"Me za mu yi da sandar, Yallaɓai? A sa mata ƙofar wankewa?"

"Ƙofa za ta ɓata masa kyau," in ji shi. "Ku ƙara allon ya kai kamu shida. A gefe kuma ku sa ɗan bututu mai fesa turare."

Dukansu suka sunkuya suna rubutawa.