Ashe Ba Duwan Ba Ne

Da anka kwance ƙullin tsarabar a tsakar gida, Zuhura ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Kifi ne. Dogaye, busassu ƙamas kamar itacen girki. Inna, uwar Zuhura, ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa da gindin turmi, ya ce ƙwas, matan da sunka taru ganin tsarabar Turai sunka kwashe da dariya. Jamilatu, ɗiyar ƙanen baban Zuhura, ita ta gayyato su, ita kuma ta matsa a kwance kayan tun baƙon da ya kawo su bai tashi ba. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ikon Allah... Yaya Latifu, yaushe duwan sunka hwara rabon kihi?"

Latifu yana durƙushe gefen tabarma, kansa a ƙasa yadda ake yi gaban surukai. Ya ɗago a hankali.

"Wane duwan?"

To, bari in koma da ku baya kaɗan, don wanda bai san mafarin rawa ba sai ya zagi makaɗi. Latifu ɗan masuntan Garou ne. Tun suna kwaleji a Malanville yake son Zuhura, ɗiyar Alhaji Salifu mai shagon atamfa a babbar kasuwa, ita ma kuma Allah ya sani ba ta da wani sai shi. Daga baya ya samu hanyar koyon aikin kifi a ƙasar Norwe, can ƙarshen arewacin Turai, ya zarce da aiki a tsibiran Lofoten.

Kullum ya kira ta sai ya ce "hasken idona", sannan ya zuba mata labari. Duwatsu ne, in ji shi, tsaye a cikin teku, tekun kuma ya yi hannuwa ya kutsa cikin ƙasa, zurfinsa ya fi gaban gora. Da zafi rana ba ta faɗuwa, da sanyi kuma sai ta ɓace makonni, har Musulmin wurin suna duba lokacin Makka su yi salla. Aikinsa shi ne rataye kifi bisa manyan rumfunan katako, ba gishiri ba hayaƙi, iska mai sanyi kaɗai ke busar da shi. Ya ce akwai wani birni mai tashar jiragen ruwa, Bergen, wanda da cinikin wanga kifin attajiransa sunka gina shi tun kaka da kakanni. A can, wai, in ka ce ubanka masunci ne ba mai kallonka sau biyu.

Zuhura takan rungume waya tana murmushi. Amma can ne, nan kuwa Malanville ce, kuma gidansu gida ne da ake cewa "mutanen bakin ruwa" ana taɓe baki.

Ranar da Inna ta tambaye ta aikin yaron, sai kunya ta kama ta. Ta ce a por yake aiki, wato tashar jirgin ruwa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, tunda ta tashar jirgi kifin ke fita. Sai dai a kunnen matar ɗan kasuwar bakin iyaka, por ita ce irin ta Kwatano, kuma mai aiki a por duwan ne, wato jami'in kwastan. Inna ta rangaɗa guɗa. Zuhura ta buɗe baki za ta gyara, ta ga farin cikin uwarta, ta rufe. Kafin sati, Alhaji ya gaya wa maƙwabtansa na kasuwa cewa surukinsa duwan ne a Turai, har wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya fara roƙon a sa masa baki.

Jamilatu kuwa, wadda ta daɗe tana cin zuciya da Latifu bai ko san tana yi ba, ta tsinci hotonsa a waya sanye da rigar roba, kifi a kowane hannu. Ta jira ranarta.

Ga ranar ta zo.

Inna ta ajiye kifin, fuskarta ta sauya. Ta ce ai Zuhura ce ta shaida musu.

Latifu ya juyo ya dubi Zuhura, inda take tsaye jikin ƙofar ɗaki. Kallo ɗaya tak. Ba fushi a ciki, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi. Kalma guda ake jira daga bakinta, amma wallahi kamar an ɗinke shi. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Inna, ni ba duwan ba ne," in ji shi. "Kihi nike shanyawa, shi ne sana'ata, shi ne ta ubana. Kila ni ne ban yi mata bayani da kyau ba."

Ya yi sallama ya fita. Ko ruwan da anka kawo masa bai taɓa ba.

Kun ga rufin asirin da ya yi mata? Shi ya zame masa igiya a wuya. Kafin la'asar labari ya gama kasuwa, wai ɗan masunta ya yi shigar burtu don ya auri ɗiyar Alhaji. Alhaji Salifu ya dawo gida yana huci, ya rantse ba kifin ne ya ƙona masa rai ba, ƙaryar ce, kuma maƙaryaci ba zai sake taka masa zaure ba. Jamilatu tana gefe tana tankaɗe, tana Allah ya kyauta.

Zuhura ta kasa ci, ta kasa sha. Kowace baƙar magana da anka jefi sunansa da ita, a ƙirjinta take sauka. Kunya ce take ci mata rai, kunyar mutumin da ya ɗauki laifinta ya aza a kansa gaban matan da ke masa dariya.

Washegari da hantsi ba ta jira Baba ya dawo gida ba. Ta same shi a shago, abokansa zaune bisa benci. Ta durƙusa.

"Baba, Latifu bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tun ranar hwarko na san aikinai. Ni ce na ji kunyar hwaɗi... ni ce na bari kunka ɗauka duwan ne."

Alhaji ya daɗe yana ninke turmin atamfar da ba ya buƙatar ninki. Sannan ya ce yaron ya fi su mutunci su duka, kuma in har yanzu yana son ta, shi ba zai hana ba. Ya ƙara da cewa, a hankali, in da shi ne Latifu, da bai komo ba.

Zuhura ta hau kabu-kabu zuwa Garou, ta ratsa gonakin shinkafa hawaye na bushewa a kumatunta. Ta tarar da Latifu bakin kogi yana taya uwarsa jera kifi bisa banda. Tsohuwar ta amsa gaisuwarta da sakin fuska, ta shimfiɗa mata tabarma, sannan ta ja jikinta ta ba su wuri.

Zuhura ta gaya masa duk abin da ta yi a shago. Ta ce Baba ya amince. Ta roƙe shi gafara, ta sake roƙo, har ta kama bakin rigarsa.

"Masoyina, don Allah... ka dube ni."

Ya dube ta. Idanunsa sun yi ja, ba ta san ko hayaƙi ne ba.

"Na yahe miki, Zuhura, tun kahin in hita gidanku. Kuma abin da kika yi yau ba ƙarami ba ne, kin wanke ni." Ya juya kifin da ke bisa banda. "Amma duk sanyin da na sha can, abin da ke ɗumama ni shi ne akwai wata a Malanville da ba ta ƙyamar hannuna. Yanzu in na aure ki, duk sanda zan shiga ɗakinki sai na tsaya na shinshina kaina. Ba ni iya zaman aure haka."

Ta ce ta canza, ta rantse da Allah ta canza. Ya ce ya yarda da ita, shi ne ba zai iya mantawa da shirun nan nata ba.

Ya wanke hannunsa a kogi, ya raka ta har bakin hanya, ya tsayar mata da mai kabu-kabu, ya ce ta gaida mutan gida, kamar yadda ake sallamar baƙuwa.