Sara Uku a Bangon Firiza

Ranar da firijin gidansu ya daina sanyi Auta ta fara ganinsa: dogon saurayi da jakar kayan aiki a kafaɗa, wanda unguwa take kira Injiniya.

"Gas ne ya ƙare," in ji Mama daga ƙofar kicin. "Masu gyara biyu sun zo, kowa abin da ya faɗa ke nan."

"Firij ba ya shan gas kamar yadda mota take shan fetur, Mama. Bari mu gani."

Ya saka fallen takarda a bakin ƙofar firijin, ya rufe, ya ja. Takardar ta zare ba gardama. Robar ƙofar ta saki. Ya jawo firijin daga jikin bango, bayansa duk ƙura.

"Lafiyarsa lau, numfashi kuka hana shi."

Ya canza roba, ya share ƙurar. Da ya ga kwalaben allurar suga na Baba a jikin ƙofa, ya mayar da su tsakiya, ya ce ƙofa ta fi ko'ina ɗumi. Sannan ya nuna wa Auta ƙanƙarar da ta taru a firiza.

"In ta yi kauri, ki kashe shi, ki sa kwanon ruwan ɗumi, ki jira. Kada ki sa mata wuƙa. Bututun gas yana nan ƙarƙashinta."

"Na yi maka kama da mai saran ƙanƙara?"

"Duk wanda na gaya wa, haka yake cewa."

Suka yi musayar lamba saboda firij. Washegari saƙo ya shigo: "Yaya majinyacina?"

Ta rubuta: "Ya warke. Likitansa ne ya cika surutu."

"To a ba likitan wani aikin, ranki ya daɗe. Ko kwan fitila ne."

Wata huɗu suna haka. Ya koma kiranta Autata, ita kuma tana ce masa Likita. Ranar da ya nemi izinin turo manyansa, Baba bai ko rage ƙarar rediyo ba.

"Mutumin da yake cin abinci daga lalacewar kayan mutane?" ya ce wa Mama. "Ga ɗan abokina da shagon sababbin kaya, kowa Manaja yake ce masa."

Ana cikin wannan ja-in-ja Injiniya ya zo wata Alhamis ya canza wa firijin abin daidaita sanyi. Ranar Asabar surukan Yayarta za su zo cin abinci, naman kuwa ya manne a firiza cikin ƙanƙara. Auta ta duba agogo. Ta ɗauki wuƙa.

A sara na uku ta ji wani huci siriri, kamar taya na sacewa.

Ta rufe ƙofar. Ta kwashe allurar Baba ta kai firijin maƙwabta. Da yamma ruwa ya malale ƙasan kicin, Baba ya tsaya a kansa.

"Wa ya taɓa shi?"

"Ni dai ban taɓa shi ba, Baba."

Maganar ta fita kafin ta auna ta. Baba ya saba faɗa a gaban kowa cewa a cikin 'ya'yansa ita kaɗai ce ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Aka kira Injiniya. Manaja ma ya zo, ba a san wanda ya gayyace shi ba. Injiniya ya sa kunne a bayan firijin: injin yana aiki, sanyi babu. Ya ɗura iska a bututu, ya shafa ruwan sabulu a bangon firiza. Kumfa ta taso a wuri ɗaya. Kusa da ita akwai sara biyu, sababbi fil.

Ya ɗago ya dubi Auta sau ɗaya. Ya sa tsumma ya goge kumfar.

"Bututun ya huje, Baba."

"Wa ya huda shi?"

Injiniya ya hau goge hannunsa da tsumman.

"Shekaranjiya ka sa masa hannu," in ji Manaja. "Haka suke yi, Baba. Su gyara nan, su ɓata can, don a sake kiransu."

Auta tana tsaye da tire a hannu.

"Ɗauki jakarka," in ji Baba. "Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Washegari Manaja ya aiko da sabon firij mai ƙofa biyu. Labarin kuma ya aika da shi ko'ina. Mai kemis ya daina kiran Injiniya. Matar da take sayar da ruwan sanyi a bakin titi ta kai firizarta wani wuri. Mai shayi ma, da suke hira kullum, ya ce a bar masa firijinsa tukuna.

Bayan kwana uku Auta ta iya rubuta wa Injiniya: "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba maganata ba ce. Taki ce."

"Kana fushi da ni, Likita?"

"Ina aiki."

Ta san babu aikin. Kullum takan shirya maganar a ranta, ta kai ƙofar falo, ta ji Baba yana yabon sabon firij, ta juya.

A mako na biyar ta bi ta gaban shagon Injiniya. Yana kan kujera yana kwance allon sunan shagon. An ɗaure kayan aikin cikin kwalaye.

"Ina za ka?"

"Can ƙarshen gari. Inda ba su ji labari ba."

"Ka tsane ni ko?"

"Da na tsane ki da na huta, Autata. Riƙe min kusoshin nan."

Ta riƙe.

Da ta koma gida ta tarar da Manaja a falo, ana maganar ranar da manyansa za su zo. Ba ta zauna ba.

"Baba, ni na huda firijin. Da wuƙar yanka nama. Injiniya ya gani, ya rufa mini asiri."

Mama ta dafe ƙirji. Manaja ya yi 'yar dariya.

"So ne yake sa ta, Baba."

"Tsohon firijin yana sito. A je a duba. Sara uku ne."

Baba ya je da kansa, da tocila. Ya daɗe. Da ya dawo bai dube ta ba. Ya ce wa Manaja ya turo a ɗauki firijinsa, sun gode.

Ya aika aka kira Injiniya. Auta tana jin su daga kicin.

"Me ya hana ka magana ranar nan?"

"Da baƙo a wurin, Baba."

"Ka zaɓi a ce maka macuci?"

"Na ɗauka kwana ɗaya ne, ko biyu, za ta faɗa."

Baba bai ba shi haƙuri ba, bai kuma bi shagunan unguwa ya gyara maganar ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka turo manyanka." Ita kuwa ya yi wata guda ba ya amsa mata komai sai gaisuwa. Mai kemis bai dawo ba. Shagon ya koma ƙarshen gari, inda Injiniya ya fara daga farko.

Ana saura kwana biyu biki ta same shi a can, yana durƙushe bayan wata tsohuwar firiza.

"Ka yafe mini da gaske?"

"Na yafe." Bai ɗago ba. "Amma mako biyar, Autata. Duk wayar da ta yi ƙara sai in ce ke ce, kin faɗa."

"Ba ni da abin cewa."

"Na sani. Zauna, kujerar nan ba ƙura."

Aka ɗaura aure ranar Asabar, mutane ba su yi yawa ba. Kafin a tafi da ita, Baba ya kira su biyun falo. Ya dubi Injiniya tukuna.

"Na faɗi magana a kanka da ba ta dace ba."

Sannan ya juyo gare ta, karo na farko da ya dube ta ido cikin ido tun ranar.

"Ke kuma, mutumin nan zai ɗauki laifinki a kansa ko da ba ki ce ba. Kada ki ƙara bari. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya yi muku albarka."

Injiniya ya ce amin. Auta ta ce amin, amma sai da Baba ya ce bai ji ba, ta sake faɗa.