Tabon Allura a Jikin Malama

Insifekta bai gama ajiye hularsa a kan tebur ba, wani dogon mutum ya faɗo ofis yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

"Yallaɓai, an sa wa ƙanwata guba! Malamar makaranta ce, ga tsohon ciki. Mijinta ne, wallahi mijinta ne!"

"Ka ga lokacin da ya sa mata?"

"Sai na gani? Je ka asibiti ka kalli idonta!"

Insifekta ya mayar da hular kansa. Ya ƙwala wa Saja kira, wata mace mai ƙarancin magana da suka daɗe suna aiki tare, suka fita.

A ɗakin masu ciki suka sami Malama kwance. Farin idonta ya koma rawaya, kuma ba ta daina sosa tafin hannunta ba, har ta yi wa kanta jini.

Likitar da ke duba ta ta ja su zuwa baranda.

"Hantarta ce ta taɓu," in ji ta. "Ciki kansa yakan jawo haka. Sinadaran jikin mace suna ƙaruwa, ɗacin matsarmama ya kasa fita, ya koma cikin jini, sai ƙaiƙayi da shawara. Amma nata ya wuce abin da ciki ke yi. Gwaji ya nuna sitiroyid a jininta, irin wanda masu ɗaga ƙarfe ke yi don damtse ya kumbura."

"Mu dai a taƙaice, likita. Guba ce?"

"Ga mai ciki, ba ta da maraba da guba. Kuma ba a abinci ta sha ba. Ƙugunta duk tabon allura ne, ba mu muka yi mata ba. In abin ya ci gaba, sai dai mu ciro ɗan kafin lokaci."

Insifekta ya koma bakin gadon. Akwai kujera, amma bai zauna ba.

"Malama, wa yake yi miki allura?"

Ta juya fuskarta bango. "Ba wanda yake yi mini."

"Tabon da ke jikinki fa?"

"Sauro ne."

A bakin ƙofa yayanta ya tare su. "Ƙanin mijinta ɗan ɗaga ƙarfe ne, Damtse ake ce masa. Kun ga ai magana ta fito!"

Gidan motsa jikin da Damtse ke zuwa wani dogon ɗaki ne mai warin gumi da tsatsa. Damtse na kwance ƙarƙashin ƙarfe. Da ya ga kaki, saura kaɗan ya sake shi a ƙirjinsa.

"Ni ban taɓa allura ba, yallaɓai. Ƙwai da madara ne kawai."

Saja ta kalli kafaɗarsa, inda ƙuraje suka feso kamar an watsa tsakuwa.

"Kajin naka suna ƙoƙari," in ji ta.

Insifekta ya zazzage jakar Damtse a ƙasa. Sirinji ya gangaro, amma babu ko kwalba ɗaya.

"Ina maganin?"

Damtse ya kalli sirinjin. "Wallahi ya ƙare tuntuni. Mai kawo mana ya ce wata mata ce take kwashe kayan duka tun kafin su iso wurinmu. Matar yayana kuwa, ko ruwa ban taɓa miƙa mata ba. Kunyarta nake ji."

"Wace mata?"

"Bai faɗa ba. Ya ce dai ba ta yi kama da mai ɗaga ƙarfe ba."

A mota Insifekta ya riƙa buga sitiyari da yatsu. Mace ɗaya ba za ta kwashe allura mai yawa haka don jiki ɗaya ba. Wannan tunanin ne ya hana shi sakat, ya sa ya tsallake danja ba tare da ya lura ba.

Mijin Malama direban motar kaya ne. Suka same shi zaune a ƙasa a harabar asibiti, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ni zan kashe ta?" ya ce, da ya ji zargin da ake masa. "Yallaɓai, ɓari bayan ɓari muka yi. Wannan ne cikin farko da ya zauna. Ko bokiti ba na bari ta ɗaga."

"Ina take zuwa ban da makaranta?"

"Ba ta zuwa ko'ina."

"Ko'ina?"

Sai ya tuna. "Sai shagon gyaran gashi. Kowane mako nakan sauke ta, in dawo in ɗauke ta. Ta ce yana rage mata tunani."

Saja ta bar su nan. Ta shiga ɗakin masu ciki, ta gyara wa Malama matashi kamar mai jinya, ta fito.

"Yallaɓai, kitson kanta ya tsufa, duk ya yi gizo. Wannan kai ya daɗe bai ga mataji ba."

Insifekta ya riga ya kama hanyar mota kafin ta rufe baki.

Shagon yana tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Madubai, kwalaben man gashi, injin busar da kai yana ta gunji ba kowa a ƙarƙashinsa. Mata biyu na zaune a benci, dukansu da ciki, kuma ba wadda ta cire ɗankwali.

Mai shagon, wadda kowa ke ce wa Anti, ta taso da fara'a, mataji a hannu.

"Sannu da zuwa, yallaɓai. Aski kuma sai shagon gaba."

"Kin san wata malamar makaranta mai ciki?"

"Masu zuwa nan da yawa suke. Ban gane ta ba."

"Mijinta kullum a ƙofarki yake sauke ta."

"To, ƙila wurin mai waya take shiga."

Insifekta bai ji amsar sosai ba. Idonsa na kan ƙaramar cikin matan benci. Ta ɓoye hannu cikin mayafi, tana sosa tafinta a gefen benci a hankali.

"Baiwar Allah, ɗago ki kalle ni."

Ta ɗago. Rawayar ta fara shiga gefen idonta.

"Me kika zo yi nan?"

Ta kalli Anti, ta kalli ƙasa. "Allurar riƙe ciki. Anti ta ce kada mu faɗa wa likita, wai za su hana, cikin ya zube."

Saja ta riga ta ɗaga labulen baya. Ga ɗan gado mai shimfiɗar leda, ga kwandon shara cike da auduga, ga ƙaramin firij. Bayan kwalaben lemo ta zaro kwali cike da 'yan kwalaben allura, duk an ɓare takardun jikinsu.

"Maganin ƙarin jini ne," in ji Anti da sauri.

Insifekta ya juya kwalin. A gindinsa an manta ba a yage hoton ba: wani ƙato ya ɗaga hannu, damtse kamar tulu.

"Wannan ne mai ƙarin jinin?"

Matajin ya faɗi daga hannun Anti. Ta zube a kujerar kitso, tana kallon kanta a madubi.

"Ni ma na sha ɓari," ta ce a hankali. "Wani likita ya yi mini allura, cikin ya zauna, na haifi ɗana. Na riƙe sunanta. Wata maƙwabciyata ta zo tana kuka, na saya na yi mata, ta haihu lafiya. Daga nan labari ya bazu. Da allurar ta yi wuyar samu, wani ya ce mini wannan ma danginsu ɗaya."

"Kuma kika yarda."

"Ina zan kai su? Mace ta zo ta riƙe ƙafarki tana kuka, ki ce mata ya ƙare?"

"Da kika ga idon Malama ya canza fa?"

Anti ta kau da kai daga madubin.

"Tambayarki nake yi!"

"Na ce mata zafin ciki ne." Hawaye ya zubo mata. "Na ƙara mata wata. Tsoro nake ji ta je asibiti a gano."

Babbar cikin matan benci ta dafe ciki ta fashe da salati.

Wayar Insifekta ta yi ƙara. Likita ce. Bugun zuciyar ɗan ya fara sauka, sun shiga da Malama tiyata, sun ciro 'ya mace, ƙarama ƙwarai, amma tana numfashi a kwalbar jarirai. Uwar kuma sai an ga yadda hanta za ta yi.

"Ki shirya gadaje, likita," ya ce. "Ina kawo miki wasu."

Saja ta sa wa Anti ankwa. Mutanen layin sun taru a ƙofa, har mai katifa ya bar ciniki. Aka sa matan biyu a gaban mota, Anti a baya. Insifekta ya leƙa ta taga.

"Saura su nawa?"

"Ban ƙirga ba, yallaɓai."

"Amma kin san gidajensu."

Ta gyaɗa kai.

"To ba ofis za mu fara zuwa ba. Muna sauke waɗannan a asibiti, za ki nuna mini ƙofa-ƙofa. Wace ce cikinta ya fi tsufa?"

Anti ta share fuska da kafaɗarta.

"Matar ƙanina," ta ce. "Jiya na yi mata."

Insifekta ya kunna jiniya, ya taka mota.